Ɗakin da Nake Nema wa Kufanmu

 

Ɗaki na zo roƙo. Ɗaki guda, a nan Dutsin-Ma, inda za a ajiye sunan kowane ƙauye da kowace ruga da 'yan bindiga suka tasa a ƙasar nan, da sunayen magidantan da suka zauna a cikinsu, da iyakokin gonakinsu. Na sha faɗar wannan magana a gaban abokan aikina, har wasu suka laƙaba mini Sarkin Kufai. Na karɓi sarautar, kuma yau zan ƙara maimaitawa a gaban masu ƙasa.

Ba zan tsaya ba ku labarin abin da ya faru ba, kun fi ni sani. Mazaunin Dutsin-Ma ko Kurfi ba ya buƙatar a tuna masa daren 18 ga Afrilu 2020, da aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Dutsin-Ma da Safana da Ɗanmusa, bisa lissafin 'yan sanda da kansu. Ba ya buƙatar a tuna masa Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, namu biyun nan a ciki. Matan da suka cika kangaye da azuzuwan firamare kuwa, a ƙofar gidajenku suke yin sallama kowace safiya.

A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu na ga irin ɗakin da nake nufi. Akwai wata unguwa a gefen tsakiyar birnin da ake kira District Six, mazaunin talakawa ma'aikatan tashar jiragen ruwa da teloli da 'yan tireda, Musulmi da Kirista a cakuɗe. Ranar 11 ga Fabrairu 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta a matsayin unguwar Turawa zalla. Daga nan zuwa 1982 aka kwashe mutum fiye da 60,000, aka zube su a fako can bayan gari, aka bi gidajensu da motocin rusau. Masallatai da coci-coci kaɗai aka bari tsaye a tsakiyar fili. A 1994 tsofaffin mazauna unguwar suka buɗe gidan tarihinsu a cikin wata tsohuwar coci.

Mai shiga gidan da tsammanin ganin zinariya ko takubban sarakuna zai fito yana cizon yatsa. Babban abin da ke ciki taswira ce, an zana ta a daɓen ɗakin, kana takawa a kanta. Kowane titi da kowane lungu na unguwar da aka rushe yana nan. Tsofaffin mazauna suna zuwa su durƙusa, su nemi inda gidansu yake, su rubuta sunan iyalinsu da hannunsu. Sama da kanka kuma allunan sunayen tituna ne rataye, na ainihi, waɗanda wani daga cikin masu aikin rusau ya ɓoye maimakon ya zubar. Masu zagayawa da baƙi da yawansu 'yan unguwar ne, sai mutum ya nuna maka wuri da ƙafarsa ya ce nan aka haife shi, nan mai burodi yake, nan makarantar allo take. Kuma abin bai tsaya a tuna baya ba. Da aka kafa dokar mayar da filaye a 1994, sanin wane ne ya zauna a ina ya zama abin dogaro ga masu neman haƙƙinsu, kuma ranar 11 ga Fabrairu 2004 Nelson Mandela ya miƙa wa mutanen farko da suka koma makullan gidajensu. Komawar tana tafiyar hawainiya har yau, amma da ba a riƙe sunayen ba, da ba a ma fara ba.

Wasu ƙasashe sun yi nasu. Indiya ta buɗe ɗaya a Amritsar a 2017 don miliyoyin da rabuwarta da Pakistan ta ɗaiɗaita a 1947, Jamus ta buɗe nata a Balin a 2021 don waɗanda yaƙin duniya na biyu ya tasa. Ku lura da tazarar: shekara 70 ko fiye, bayan yawancin shaidu sun kwanta dama. Na Cape Town ya fi su rai don an yi shi masu abin suna numfashi.

Yanzu bari in taɓa 'yan uwana malaman tarihi, don da su nake da tsohuwar rigima. Wannan ba shi ne karo na farko da ƙasar Katsina ta ga tashin jama'a ba. Da birni ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Ummarun Dallaje ya hau, gidan sarautar Haɓe ya fice ta Ɗankama, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Yaƙin da ya biyo baya tsakanin Katsina da Maraɗi ya tashi garuruwa da dama a yamma, wajen Ruma, daji ya cinye gonaki. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi aiki mai zurfi a kan wannan zamani. A 1903 kuma dubban mutane suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, aka kashe shi a Burmi, waɗanda suka tsira suka dangana da Sudan, zuriyarsu na nan a Mai Wurno. To, a duk wannan, jerin sunayen sarakuna muna da shi, ɗalibanmu sun haddace. Amma ku kawo mini sunan magidanci goma daga cikin talakawan da suka ɗauki tabarma da tukunya suka bi su. Gidan tarihin da ke Katsina yana cikin ginin tsohuwar kwalejin da aka buɗe a 1922, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma ya cancanci ziyara. Sai dai al'adar gidajen tarihinmu gaba ɗaya ita ce adana kayan mai mulki. Wanda aka kora bai bar sulke ko tambari ba, don haka ba shi da akwatin gilashi. Muna zargin magabata da rashin rubutawa, alhali mu da digirorinmu da wayoyinmu muna maimaita abin da suka yi, ga mutanen suna bara a bakin ƙofar jami'a.

Ga hujjata babba, kuma a kanta zan daɗe, don ita ce wadda jami'an gwamnati ba sa son ji. Gonar ƙauye ba ta da takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a ƙarƙashin ƙaramar hukuma, amma manomi nawa ne a ƙasar Kurfi yake da wata shaida a rubuce? Shaidarsa ita ce layin gamba, da aguwa, da tsamiyar da ke kusurwa, da dattijon da ya san cewa wannan gado ce, waccan aro ce, ta can kuma jingina ce tun zamanin kakan wane. Gonar da aka bari damina biyar, gamba ta bazu, iyaka ta ɓace, masu gawayi sun sare tsamiyar. Dattijon kuwa ya rasu a wani kango a cikin gari, an binne shi a maƙabartar da ba ta kakanninsa ba. Yaron da aka goyo aka gudo da shi yanzu ya yi wayo, bai taɓa taka gonar ubansa ba. Matar da aka kashe mijinta, rabon 'ya'yanta marayu yana cikin kan mutum biyu ko uku, su ma sun warwatsu, ɗaya a Katsina, ɗaya a Kano yana tura baro.

Ranar da lafiya ta samu, kuma za ta samu da yardar Allah, mutanen nan za su koma. Wa zai raba su? Alƙali zai ce a kawo shaida. Mai kuɗi zai zo da takardar da aka buga jiya, talaka zai zo da rantsuwa. Wasu gonakin ma tun yanzu an sayar da su a wulaƙance don haɗa kuɗin fansa, cikin dare, ba mai unguwa ba rubutu. Ina gaya muku rigimar gona da ke tafe za ta cika kotunan Dutsin-Ma da Kurfi shekara da shekaru, kuma wani jinin zai zuba a kanta bayan an ajiye bindigar daji.

A da akwai littafin da ya san kowane gida. Littafin haraji ne da na jangali. Bature ya aiko jami'ansa suna bin gunduma-gunduma suna ƙirga magidanta da shanu da kadadar gona, rahotanninsu na nan a ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna. Don ya tatse mu ya yi, ban musa ba. Malam Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, kuma ya kyauta, kada wani ya fita ya ce na nemi a dawo da su. Amma yau da wuya ka samu wani littafi a hannun dagaci mai ɗauke da sunan kowane magidanci. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, kafin wannan fitina. Abin takaici, 'yan uwanmu da suka tsallaka Nijar sun fi samun rubutu. Zuwa Satumbar 2019 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun shiga jihar Maraɗi, aka yi musu rajista, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Na gida kuwa ana ƙirga kawunansu ne ranar rabon shinkafa. Adadin buhu ba ya nuna iyakar gona.

Wani abu kuma, kuma na san zai ɓata wa wasu rai. Taswirar da ba ta da rugage ƙarya ce. Fulani da yawa an sace shanunsu kafin a taɓa na kowa, an ƙone rugagensu, 'yan sa-kai sun kashe wasu a kasuwa don kamanninsu kawai. Su ma an tashe su. Burtali da mashaya da makiyaya dole su hau daɓen nan kusa da gonaki, don cinye su da aka yi yana cikin abin da ya kawo mu nan. Wanda yake son ɗakin ƙabila ɗaya ya nemi wani mai laccar.

Na san abin da ake cewa. Wai mutane na jin yunwa, ni ina zancen gidan tarihi. Kuɗin fenti da takarda da na'urar ɗaukar murya bai kai na taron ƙaddamar da rabon tallafi guda ba. Wai zan fama gyambo a lokacin da ake neman sulhu. Sulhun 2019 da 'yan bindiga an yi shi ba tare da an rubuta abin da aka yi wa kowa ba, kun ga inda ya ƙare. Wai zan ɓata sunan jiha. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara tun Disambar 2020 da aka sace ɗalibai, ba ni na kai mata ba. Masu cewa a bari sai ƙura ta lafa kuwa, su je su tambayi dattawan da ke kangaye ko shekara nawa suka rage musu.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kwangila. Jami'ar Tarayya da ke garin nan, wadda aka kafa a 2011, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗaya ta ba da ɗaki mai faɗin daɓe. Sassan tarihi da Hausa da labarin ƙasa su daina karɓar kundin kammala karatu a kan batutuwan da aka tauna sau ɗari. A ba kowane ɗalibi ƙauye ɗaya ko ruga ɗaya. Ba sai ya shiga daji ba, mutanen suna cikin gari. Ya zauna da su, ya ɗauki muryarsu da Hausa ko Fulfulde yadda suka faɗa, ya zana gari gida-gida, gona-gona, dagaci da limami da dattijai biyu su sa hannu, a ajiye kwafi a ɗakin, kwafi a fadar hakimi. Muryar mata, ɗalibai mata ne za su ɗauka, kuma abin da mace ta ce a rufe, a rufe shi, har sunanta. Duk abin da zai jefa mai magana cikin hatsari ba za a kafe shi a bango ba sai bayan lokaci.

Kayan da za a ajiye kuma kada a sayo ko ɗaya. Makullin gidan da aka ƙone, allon yaro, galmar da aka gudo da ita, ƙwaryar nono, abin da mai shi ya kawo da kansa. Masu zagayawa da baƙi a ɗauke su daga cikin waɗanda aka tasa, a biya su albashi.

Iyayenmu dagatai, da ku za a fara. Kafin ku bar zauren nan akwai takarda a bakin ƙofa, kowa ya rubuta sunayen unguwanni da rugagen ƙasarsa da babu kowa a cikinsu yau, da shekarar da aka tashi. Wanda hannunsa bai saba da boko ba ya rubuta da ajami, muna da masu karantawa.