Yadda Kayan Cikinmu Ke Aiki: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Wata-wata na Ƙungiya

 

Kwamiti ya ɗora mini yin bayani a kan yadda kayan cikin ɗan Adam ke aiki. Ni ɗan kasuwa ne kamar yawancinku, kuma abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin likitoci da littattafansu. Dalilin zaɓen wannan magana kuwa kowa ya sani. Sau nawa ake yi mana karo-karo domin wani ya faɗi a bakin rumfa ɓarin jikinsa ya shanye, ko an ce ƙodarsa ta daina aiki? Sai ka ji ana cewa ai jiya-jiya lafiyarsa ƙalau. To, ba jiya abin ya fara ba.

'Yan'uwanmu mahauta sun riga mu sanin wannan darasi, don kullum suna ganin zuciya da huhu da hanta da ƙoda a jikin dabba, kuma namu bai yi nisa da nasu ba. Abin da wuƙa ba ta nunawa shi ne yadda suke haɗe. Jini ne ya haɗa su. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, kuma shi ne motar dakon jiki: ya ɗauki iska a huhu, ya ɗauki abinci a hanji, ya sauke wa kowace gaɓa nata, sa'an nan ya kwaso shara ya kai inda za a zubar. A cikin ɓargo ake ƙera shi, kuma jajayen ƙwayoyinsa kwana 120 suke yi a sake wasu.

Mai tura motar nan ita ce zuciya. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, ɗakuna huɗu gare ta. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya dawo a gajiye ya tura shi huhu, ɓangaren hagu ya karɓo shi daga huhu ya watsa wa dukkan jiki. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana zaune, watau wajen sau 100,000 a yini da kwana. Wani likita mai suna Ibnun Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya bayyana cewa sai jini ya bi ta huhu kafin ya tsallaka daga dama zuwa hagu. Daga baya, a 1628, William Harvey na Ingila ya nuna cewa jinin nan zagaye yake yi, ya tafi ya dawo.

Huhu ba zan daɗe a kansa ba. Muna numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, iska mai kyau ta shiga jini, gurɓatacciya ta fita. Hayaƙin taba da na janareta a ɗaki rufe su ne manyan abokan gabarsa, kuma na janareta yana kisa a dare ɗaya, mutum yana barci.

Abinci kuwa tun daga baki ake fara sarrafa shi, ya gangara tumbi inda wani ruwa mai tsami ƙwarai ke narka shi, ya wuce ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6. A nan jini ke tsotse amfaninsa. Amma jinin ba ya wucewa da kayan kai tsaye, sai ya biya ta hanta tukuna. Hanta ita ce shingen bincike, kuma ita ce sito: tana ajiye sukari don lokacin buƙata, tana yin ruwan ɗacin da ke taruwa a maɗaciya don narka mai, tana kuma warware dafin duk abin da muka haɗiya, har da magani. Tana da haƙuri, ko an yanke wani sashe nata takan sake tofowa, shi ya sa ba ta saurin kuka. Masu sayar da hatsi su saurara da kyau: gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a ajiya suna ɗauke da wani dafi da ke jawo sankarar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Haka ciwon hanta nau'in B, wanda ake ɗauka ta jini, ko aska da reza da aka yi tarayya, ko daga uwa zuwa jariri. Yana da rigakafi, kuma tun 2004 yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a Nijeriya. A bayan tumbi kuma akwai wata 'yar gaɓa da ke fitar da sinadarin insulin, mai shigar da sukari cikin tsoka. Idan ya gaza, shi ne ciwon sukari.

Yanzu na zo inda na fi so ku ba ni kunne, watau ƙoda. Guda biyu ne, a baya, ƙasan haƙarƙari. Kowace tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, ido ba ya ganinsu. A rana suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Kun ga aiki! Su ne kuma ke daidaita gishiri da ruwan jiki. To, matatan nan siraran jijiyoyi ne. Idan jini yana bin su da ƙarfin da ya wuce ƙima shekara da shekaru, sai su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa bai ji komai ba. Ranar da ƙafa ta kumbura, fuska ta tasa, sau da yawa an makara, sai wankin ƙoda da inji, wanda bisa ƙa'ida sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. Wane jari ne zai jure wannan?

Wannan ƙarfin jinin shi ne hawan jini, kuma ba ƙoda kaɗai yake ci ba. Zuciya tana turawa da wahala har naman ta ya yi kauri ta gaji. Ƙwaƙwalwa kuma, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba amma take cinye kashi ɗaya cikin biyar na iskar da muke shaƙa, idan jijiya ta toshe ko ta fashe a cikinta, cikin 'yan mintoci wurin ya fara mutuwa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, na dama ya juya na hagu, shi ya sa za ka ga hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun saki. Wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, asibiti za a nufa da shi a take. Kada a kwantar da shi a ce sai gobe, kada kuma a ɗura masa ruwa ko jiƙo, yana iya shaƙewa.

A ganina, babbar matsalarmu mu 'yan kasuwa ita ce muna jiran ciwo ya yi mana sallama. Hawan jini ba ya sallama, mafi yawan masu shi ko ciwon kai ba sa ji. Awo ne kaɗai ke nuna shi. Lafiyayyen awo wajen 120 bisa 80 ne, idan kuwa ana samun 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, to ya hau. Awon bai kai minti biyar ba. Kuma wanda aka ɗora a kan magani, ba a dainawa don an ji sauƙi; maganin ne ya kawo sauƙin.

Sai abin da muke sawa a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a rana, kusan cikin ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen miya da yajin tsire duk suna cikin lissafi. Iyayenmu mata, wannan a hannunku yake. Goro, masu sayar da shi su yi mini afuwa, yana da sinadarin da ke cikin kofi, yana sa zuciya sauri, don haka mai hawan jini ya rage. Abin da ya fi damuna shi ne haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da direbobinmu da 'yan dako ke saye a tasha su watsa baki kullum da yamma. Irin su ibuprofen da diclofenac, idan aka daɗe ana sha, suna ƙwaƙule tumbi su raunana ƙoda, farasitamol kuma idan ya wuce ƙima hanta yake ƙonawa. Haka jiƙe-jiƙen kwalba da ba a san abin da ke ciki ba, hanta da ƙoda ne za su yi dakonsa.

Shawarar da nake miƙa wa kwamiti ita ce a sayi na'urar awon jini ta hannu daga asusun ƙungiya, a nemi ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa ranar taro yana auna duk wanda ya haura shekara 40, maza da mata, a rubuta wa kowa a kati. Wanda aka ga nasa ya hau a tura shi asibiti a duba masa fitsari da sukari.

Nan zan dakata, mai tambaya yana iya ɗaga hannu.