Hoton kaya amana ne: jawabin taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Shugaban ƙungiya, dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwa fatake na Adjamé da Treichville, barkanmu da ganin wannan rana.

Iyayenmu da suka yi fataucin goro daga Anyama zuwa ƙasar Hausa, mai saye yakan buɗe huhu ya gani da idonsa kafin a yi ciniki. Mu a yau, mai saye yana Maraɗi ko Kano, muna rumfa a Forum na Adjamé, abin da ya haɗa mu hoto ne a WhatsApp ko Facebook. Ya ga hoto, ya turo kuɗi, mu kai kaya tasha. Ke nan hoton ya maye gurbin idon mai saye da hannunsa. Shi ya sa muka ware wannan jawabi a kan tambaya guda: daga ina hotunan da muke tallata kayanmu suke fitowa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga Google a kwafo hoton atamfa ko shadda mai ƙyalli a liƙa a shafi. Wannan hanya tana da haɗari uku.

Na farko, doka. Kowane hoto yana da mai shi, ko da ba a rubuta suna a jikinsa ba. A nan Kwaddibuwa, doka mai lamba 2016-555 ta ranar 26 ga Yuli 2016 ta kare haƙƙin mai fasaha, har da mai ɗaukar hoto, kuma akwai hukumar BURIDA mai kula da irin wannan haƙƙi. Hoton tallan Uniwax na Yopougon ko na Vlisco mallakar kamfanin ne. Mai hoto yana iya kai ƙara ga Facebook, a sauke hoton, in abin ya yawaita a rufe shafin da muka yi shekaru muna tara masu saye a cikinsa.

Na biyu, amana. In hoton na asali ne, abin da ke rumfa kuwa kwaikwayo ne, to ranar da kaya suka isa Yamai ko Legas za a gane, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai saye ɗaya da ya ji an cuce shi zai faɗa wa goma, kuma sunan dukanmu zai ɓaci, ba na mutum guda ba.

Na uku, zargi. Duk mun san 'yan damfarar intanet da ake kira burutar a garin nan, kuma jarinsu hoton sata ne. Tun 2011 aka kafa sashen PLCC domin yaƙi da su, sannan aka yi doka mai lamba 2013-451 a kan laifukan intanet. Masu saye sun waye, suna saka hoto a Google Lens su ga inda ya fito. In suka tarar da hotonmu a shafuna ashirin, za su saka mu a sahun ɓarayi, alhali kayanmu na nan jibge.

Maganin yana cikin aljihunmu. Wayar da muke riƙe da ita ta isa, in an kiyaye abubuwa kaɗan. A goge gilashin kyamara, domin ƙura da zufa su ke sa hoto ya yi hazo. A fito da kaya bakin rumfa da safe, a inuwa, saboda fitilar cikin kasuwa tana sauya launi, hasken filashi kuma yana kashe adon shadda. A shimfiɗa farin ƙyalle a baya. A ɗauki hoto uku: kayan gaba ɗaya, sai na kusa, sai gefen zane inda sunan kamfani da lamba suke. Mai albasar Galmi ya buɗe buhu ya nuna na ƙasa, ba na sama kaɗai ba. Mai goro ya ware fari da ja, ya ɗora ƙwaya a tafin hannu a ga girmanta. In akwai aibi, a nuna shi. Gani ya kori ji.

Bayan haka, a rubuta sunan shago da lambar waya a tsakiyar hoton, ba a kusurwa ba inda za a yanke. Masu shafin intanet su rage nauyin hoto kafin su ɗora, domin hoto mai nauyi yana cinye wa mai saye data, ya gaji ya fita. Abin da aka saka a situs na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma kundin kaya na WhatsApp Business yana zama, kuma yana ɗaukar kaya har 500.

In ana buƙatar hoton ado, kamar na tashar jiragen ruwa ko babbar mota, akwai rumbunan da suka halatta ɗauka kyauta, irin su Pexels da Unsplash. A Wikimedia Commons kuwa, yawancin hotuna suna da sharaɗin a ambaci sunan mai su. Hoton da kwamfuta ta ƙirƙira ma yana iya zama ado, amma kada ya tsaya a madadin kayan sayarwa, domin ba shi ne za a loda a mota ba.

Sai batun mutane. Kada mu saka fuskar mai saye, ko yarinyar da ta gwada zane, sai da yardarsu, yaro kuma sai da yardar iyayensa. Doka mai lamba 2013-450 ta kare bayanan mutum, kuma hotonsa yana ciki.

Muna roƙon shugabanni su duba shawara biyu. A zaɓi matasa daga cikin 'ya'yanmu, wasu a Adjamé wasu a Treichville, su riƙa zagayawa suna koya wa dattawa da iyayenmu mata ɗaukar hoto. Sannan mu amince a tsakaninmu cewa ɗan ƙungiya ba zai tallata kaya da hoton da ba na kayansa ba, kuma ba zai ɗauki na maƙwabcinsa ba sai da izini.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kiyaye direbobinmu a hanya.