Jubili da Hutun Ƙasa

Tun da yake Jubili ne ya tara mu yau, bari mu tuna da asalinsa. Cikin Littafin Firistoci sura 25 an umurci Isra'ilawa su bar gonaki su huta kowace shekara ta bakwai, a ta hamsin kuma kowa ya koma gādonsa, gama Allah ne mai ƙasa, mutum kuwa baƙo ne a kanta.

Mu mutanen Zango mun san baƙunci. A 1977 hukuma ta tashe Zango daga tsakiyar Lome, ta kai shi Agoe, kusa da kogin Zio. Baƙon kirki kuwa ba ya ɓata masaukinsa.

Amma ku duba wahalar da masaukin nan yake sha. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, yashi ya rage wucewa gabas, teku kuwa ya cinye tsohuwar hanyar Aneho. A 2011 gwamnati ta hana leda marar ruɓewa, duk da haka leda tana toshe lambatu, ruwan sama ya shiga ɗakuna. Kowane buhun gawayi kuma, dā itace ne mai inuwa.

A 1967 wani masanin tarihi na Amurka, Lynn White, ya ɗora wa Kiristanci laifin ɓata duniya, wai ya koya wa mutum mallake halitta. A 1973 Arne Naess na Norwe ya ce kowane mai rai yana da darajar kansa, ko yana amfanin mutum ko babu. Littafin Farawa ya riga shi, gama Allah ya yaba itatuwa da kifaye tun ba a yi Adamu ba. Sai dai ba mu yi wa halitta sujada, darajarta daga Mahalicci take. Aikin Adamu cikin gona noma ne da tsaro.

Domin wannan, mai zuwa kasuwa ya ɗauki kwando, mai dafuwa ta yi tsimin gawayi. Ran 1 ga Yuni, ranar dashen itace a Togo, kowane gida ya dasa ɗaya. Kafin damina mu yashe lambatu tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida.

Ubangiji ya iske mu amintattun wakilai. Amin.