Daga Bariki Zuwa Bakin Sana'a: Aikin Jagorantar 'Yan Mazan Jiya Masu Nakasa

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya a garin Shika

 



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya nemi in yi magana a kan ayyukan da ya dace mu nuna wa 'ya'yanmu masu neman ilimi mai zurfi. Likitanci da injiniyanci da aikin lauya sun riga sun sami masu yi musu kirari a kowane gida, don haka na zaɓi wani aiki wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali yankinmu ya fi ko'ina cancantar ya haifi gwanayensa. Wannan aiki shi ne jagorantar tsohon soja wanda ya nakasa, ko ya rasa matsuguni, har a kai shi ga sana'ar da zai riƙe kansa da iyalinsa.

Alaƙarmu da soja

Tun shekarar 1924 aka kafa Daffo a Zariya, inda ake horar da kurata, kuma yawancin ƙananan sojojin ƙasa na Nijeriya ta wannan ƙofa suka shiga aiki. Barikin da Daffon take ciki ana kiransa Chindit, sunan wata runduna da ta yi yaƙi a dazuzzukan Bama a 1944, wadda bataliyoyin Nijeriya suka kasance a cikinta. A 1954 aka buɗe makarantar horon soja ta yara, ga kuma barikin Basawa a bayan Samaru. Duk wanda ya taɓa shiga Sabon Gari ranar yaye kurata ya ga yadda iyaye ke cika gari da murna.

To, amma kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Waɗanda aka yaye sun tafi Bama, sun tafi Kwango a 1960, sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sun tafi Laberiya a 1990, daga baya Saliyo. Tun daga 2009 kuma ga rikicin Arewa maso Gabas, ga na 'yan bindiga a dazuzzukan da ke maƙwabtaka da mu. Wasu sun kwanta dama, Allah ya jiƙansu. Wasu sun dawo lafiya. Wasu kuwa sun dawo babu ƙafa, ko babu ido, ko kunne ya toshe saboda ƙarar nakiya, ko kuma jiki kalau amma barci ya gagara saboda firgitar abin da ido ya gani. Da yawa daga cikinsu, Musulmi da Kirista, 'yan ƙasa da baƙi, a nan unguwanninmu suka yada zango. Maƙwabtanmu ne, wasu kuma jininmu ne.

Giɓin da ke tsakanin asibiti da kasuwa

Ba a ce hukuma ba ta yi kome ba. Akwai asibitin soja na 44 a Kaduna, inda ake jinyar waɗanda suka ji rauni a fagen daga. Akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya tare a nan Shika a 2005. Akwai cibiyar Oshodi a Ikko, wadda aka kafa bayan yaƙin basasa domin nakasassun sojoji, daga baya ta koma wurin koya wa masu shirin barin aiki sana'o'i. Akwai hukumar fanshon soja, akwai ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa wadda aka kafa a 1964, kuma kowace ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da su.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da inda aikinsa ya tsaya. Likita zai ɗinke rauni, likitan gashi zai motsa gaɓoɓi, mai haɗa ƙafar roba zai auna ya ɗaura, akawu zai lissafa garatuti. Daga nan sai a sallami mutum. Gidan bariki kuwa na mai aiki ne, ranar da aiki ya ƙare an fara ƙirga kwanakin tashi. Mutumin da ya shekara ashirin ana gaya masa lokacin tashi da lokacin kwanciya, yau ga shi da sanduna biyu da 'ya'ya bakwai da kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. 'Yan'uwa su zo da bukatunsu, 'yan damfara su zo da daɗin bakinsu, kafin shekara ta zagayo kuɗi sun zama labari, mai gidan haya kuma yana bakin ƙofa. A nan ne rashin matsuguni yake farawa. A garuruwanmu ba kasafai yake bayyana a kan titi ba, domin zumunci yana rufa asiri. Yakan ɓuya a zauren wani, ko rumfar tasha, ko shagon da aka ba mutum gadi. Amma ƙasa duka ta ga tsofaffin sojoji suna kwana a gefen titunan Abuja a shekarun 2000 suna jiran haƙƙinsu, ta kuma sake ganinsu a ƙofar Ma'aikatar Tsaro a 2022.

Wane ne jagoran sana'a?

Shi ne ma'aikacin da ya karanci halayyar ɗan Adam da sha'anin nakasa da yadda kasuwar aiki take, wanda ke kama hannun mutum daga inda likita ya sake shi. Aikinsa hawa huɗu ne.

Na farko, aunawa. Zai zauna da tsohon soja ya gano abin da jikinsa ke iya yi yanzu, da abin da ya koya a bakin aiki. Soja ba harbi kaɗai ya iya ba. A cikinsu akwai direbobi da makanikai da masu gyaran rediyo da magina da masu dafa abinci da masu kula da sito da ma'aikatan jinya. Zai kuma binciki inda mutumin yake kwana, da bashin da ke kansa, da ko takardunsa na sallama da na fansho sun cika, domin wanda bai san inda zai kwana ba hankalinsa ba ya tsayawa a kan koyon sana'a.

Na biyu, tsarawa. Su biyu za su rubuta shiri: wace sana'a, a wurin wa za a koya, wata nawa, jari nawa. An fi son a yi wannan tun kafin garatuti ya shigo hannu, kuma a yi shi da sanin uwargida, domin ita ce ke ɗauke da rabin nauyin.

Na uku, haɗawa. Jagora zai taka da ƙafarsa zuwa wurin mai gareji ko shugaban ma'aikata ya gabatar da mutuminsa, ya nuna ɗan gyaran da za a yi: a rage tsawon teburin aiki domin mai keken guragu, a yi gangara a maimakon matakala, a sa wa keken ɗinki mota domin wanda ba ya iya takawa. Sau da yawa abin da ke raba nakasasshe da aiki bai wuce kuɗin buhun siminti biyu ba.

Na huɗu, bibiya. Zai riƙa leƙawa wata da watanni. In ya ga alamar firgita ko yawan fushi ko shaye-shaye, ya san wannan ya wuce iyakarsa, sai ya miƙa mutum ga likitocin ƙwaƙwalwa, a nan Shika ko a Barnawa ta Kaduna, ba tare da tozartawa ba.

Darasi daga wasu ƙasashe

Wannan aiki yaƙi ne ya haife shi. A 1918 Amurka ta kafa dokar koya wa sojojin da suka nakasa a Yaƙin Duniya na Ɗaya sana'a, daga nan aikin ya bunƙasa har ya zama fannin karatu mai zaman kansa. A ƙasar ne kuma aka ƙidaya tsofaffin sojoji marasa matsuguni kimanin 74,000 a 2010, zuwa 2024 adadin ya sauko ƙasa da 33,000. Babbar dabarar ita ce haɗa abu biyu: tallafin kuɗin haya, da ma'aikaci guda mai bibiyar mutum. A Ingila kuwa, Dokta Ludwig Guttmann ya shirya wa sojojin da suka sami ciwon laka gasar harbin baka a asibitin Stoke Mandeville a 1948, abin da ya zama tushen wasannin nakasassu na duniya. Sojojinmu ma da suka ji rauni sun halarci gasar Invictus a Jamus a 2023, har suka dawo da lambar zinariya.

Mu kuma ba baƙin wannan tunani ba ne. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har an sha bar masa riƙon Madina. An dubi abin da yake iyawa ne aka ba shi aiki.

Hanyar shiga wannan aiki

Ɗalibin da ke sha'awa ba sai ya yi nisa ba. A tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ana karanta fannin jagoranci da ba da shawara. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos suna koyar da ilimin masu bukata ta musamman. Wanda ya karanci halayyar zaman jama'a ko aikin jin daɗin jama'a shi ma yana iya ƙaro ilimi ya shigo. A 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da ke yi wa masu aikin ba da shawara rajista, wato aikin ya sami gindin zama a hukumance.

Wuraren aiki sun haɗa da sassan jin daɗin marasa lafiya na manyan asibitoci, da hukumomin kula da masu nakasa na jihohi da na tarayya, da ƙungiyoyin agaji, da ita kanta rundunar soja wadda ke ɗaukar masu digiri a matsayin hafsoshi. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tanadi a ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Doka ba ta da ƙafa, sai an sami mai ɗaukar ta ya kai ta ofis-ofis, kuma wannan mai ɗauka shi ne jagoran sana'a.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan aiki ba ya sa mutum ya yi kuɗi, albashinsa na ma'aikacin gwamnati ne, guraben ma ba su da yawa tukuna. Yana bukatar haƙuri da riƙon sirri da iya sauraro, domin namijin da ya saba ba da oda ba ya saurin faɗin damuwarsa. Aikin ya dace da 'ya'yanmu mata kamar yadda ya dace da maza, musamman wajen zama da matan sojoji da zawarawansu. Ya kuma dace da tsohon sojan da ke da ilimi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Arzikin da ke ƙofar gidanmu

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A nan Shika muke da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, wadda ta fitar da kazar ƙwai mai ɗauke da sunan garinmu, Shika Brown. Kiwon kaji sana'a ce da mai ƙafa ɗaya zai yi a bayan ɗakinsa. A Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona, da cibiyar koyar da sarrafa fata, inda ake koyon jima da ɗinkin takalma da jakunkuna, aikin da ake yi a zaune. Ga kasuwar Sabon Gari da ta Samaru da ta Giwa, ga dubban ɗalibai da ma'aikatan asibiti masu saye kullum. Bariki yana nan, asibiti yana nan, makarantun sana'a suna nan, kasuwa tana nan, duk a tsakanin tafiyar da ba ta wuce ta sa'a guda ba. Mai haɗa su ne babu.

Shawarwari ga ƙungiya

Saboda haka ina gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu.

Na ɗaya, a cikin tallafin karatu da 'yan'uwa ke bayarwa, a keɓe gurbi biyu kowace shekara domin masu karanta wannan fanni, da sharaɗin su yi wa gida hidima lokacin hutu.

Na biyu, a kafa ƙaramin kwamiti ya haɗa kai da masu unguwanni da limamai da shugabannin coci da reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya, a rubuta tsofaffin sojojin da ke da nakasa ko matsalar matsuguni a yankinmu. A yi shi cikin sirri da mutuntawa, ba tare da ɗaukar hoto ana yaɗawa ba.

Na uku, 'yan'uwanmu mazauna Abuja da Kaduna su taimaka wajen bin takardun fansho. Abin da zai ci wa dattijo mai sanda kuɗin mota da kwana uku, ɗayanku zai iya gama shi da safiya guda.

Na huɗu, duk mai shago ko gona ko kamfani a cikinmu ya karɓi mutum ɗaya, ya koya masa ko ya ɗauke shi aiki. Buhun shinkafar azumi alheri ne, Allah ya ba da lada, amma yakan ƙare kafin salla. Sana'a kuwa tana kai mutum har ƙarshen rayuwa, ta kuma sa 'ya'yansa makaranta.

Kammalawa

'Yan'uwa, waɗannan bayin Allah sun ba da gaɓoɓinsu ne domin mu kwana da namu. Fure da jawabin ranar 15 ga Janairu ba su biyan kuɗin haya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gwamnati tana da nata kason, mu ma muna da namu, kuma mafi girman kasonmu shi ne mu fitar da 'ya'yan da za su ɗauki wannan aiki da ilimi da tsoron Allah. Ina fatan idan Allah ya kai mu taron baɗi, sakatare zai karanto mana sunayen ɗalibai biyu na farko.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.