Idan Ruwan Wanke Gilashin A-Kori-Kura Ya Yi Rauni

(Jawabi ga direbobi da yaran mota na karkara)



Yau maganarmu a kan ruwan wanke gilashin gaba ne. Da yawa daga cikinmu ba mu kula da shi ba. Alhali kuwa hanyoyinmu na ƙauye ƙura ce da rani, taɓo ne da damina. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan taɓo ya rufe maka gilashi na daƙiƙa 3, ka yi mita 50 ba ka ganin gabanka. Ga mutane da kaya a bayan mota ranar kasuwa. Ga shanu da yara a bakin hanya.

Ko Fijo 504 kake ja ko Toyota Hilux, abubuwan kusan iri ɗaya ne. Akwai tankin roba a cikin bonet. Akwai ɗan ƙaramin famfo mai aiki da wutar batir, yawanci a gindin tankin. Akwai siririn tiyo. Sai 'yan ƙananan bakuna masu fesa ruwa a kan gilashi. Idan ruwa ya yi rauni, kada ka yi saurin sayen sabon famfo. Yawanci datti ne ya toshe hanya. Ka bi waɗannan matakai bi da bi.

Na farko, buɗe tanki ka duba. Akwai ruwa? Idan ka ga laka ko gansakuka a ƙasa, cire tankin ka wanke shi sosai. Wasu motoci suna da 'yar matata inda famfo ya shiga tanki. Ita ma a wanke ta.

Na biyu, murɗa makulli wuta ta kawo, amma kada ka tayar da inji. Yaron mota ya danna sandar ruwan, kai kuma ka kasa kunne wajen tanki. Idan ka ji famfo yana ƙara, to wuta tana zuwa.

Na uku, zare tiyo daga bakin fesawa, a sake dannawa. Idan ruwa ya fito da ƙarfi, bakin ne ya toshe. Sa siririyar allura a hankali ka tsokale dattin. Kada ka sa ƙusa, za ta faɗaɗa ramin. Idan farin gishiri ne ya daskare, jiƙa bakin a ruwan lemun tsami, sannan ka ɗauraye. Da allurar kuma ake saita bakin a yawancin tsofaffin motoci, har ruwa ya riƙa sauka a tsakiyar gilashi.

Na huɗu, idan ruwa bai fito da ƙarfi daga tiyo ba, bi tiyon da hannu tun daga tanki. Zafin inji yana busar da roba ta tsage. Wani lokaci bonet ne ya matse shi. Duk inda ka ga jiƙa, nan ruwa ke zuba. Canza tiyon, kuɗinsa kaɗan ne.

Na biyar, idan famfo ya yi shiru, duba fiyus. Idan ya ƙone, sa wani mai lamba ɗaya da shi. Kada ka ɗaura waya ko takardar taba a madadinsa, domin haka ke ƙona wayoyin mota. Duba kan wayar famfon, ka kankare tsatsa. Idan duk wannan bai yi ba, sai ka je wajen mai gyaran wayar mota ya gwada famfon. A nan ne maganar sayen sabo za ta taso.

Bayan gyara sai kiyayewa. Kada ka zuba ruwan kududdufi. Tace ruwa da ƙyalle mai tsabta kafin ka zuba. Kada ka sa garin sabulun wanki, yana daskarewa ya toshe bakuna. Kada ka riƙa danna famfo tanki ba ruwa, zai ƙone. Kada kuma ka kunna waifa a busasshen gilashi mai ƙura. Yashi zai karce gilashin, da dare fitilar motar da ke zuwa ta kashe maka ido.

Kowace safiya, idan ka duba baƙin mai da ruwan lagireto, ka duba wannan tanki ma. Ka danna sau ɗaya ka ga ya fesa kafin ka ɗauki lodi.

 A sauka lafiya.