Ranar da Muka Kai Makaranta Ƙofar Maƙwabta

An roƙe mu mu faɗi kaɗan game da zamanmu a Amurka, musamman yadda tsofaffi ke rayuwa can. Bari mu fara da ƙanƙara, tunda ita kowa ke tambayarmu.

Mun zauna kudu da birnin Buffalo a Jihar New York, kusa da babban tafkin Erie. Idan iska mai sanyi ta ratso kan tafkin tun bai daskare ba, sai ta kwaso laima ta zubar a tudu, ta zama dusar ƙanƙara. Ba irin ƙanƙarar da ke faɗo mana da damina tana huda ganyen masara ba ce. Wannan kamar garin rogo take, tana sauka shiru, sai dai ka tashi da safe ƙofa ta ƙi buɗuwa. A Nuwamba 2014, cikin 'yan kwanaki, ta taru har ƙafa 7 a wasu garuruwan yankin.

'Ya'yanmu uku a gida muke koya musu karatu. Doka ta yarda da haka a duk jihohi 50, sai dai a New York dole ka kai wa hukumar makarantu rahoto sau huɗu a shekara. In ƙanƙara ta yi yawa akan rufe makarantu, yara su yi ta murna. Namu ba su da wannan gata, gama ajinsu teburin cin abinci ne. Amma ranar Talata 18 ga watan, bayan addu'ar safe, muka ajiye littattafai, kowa ya ɗauki shebur.

A gefenmu akwai wata gwauruwa Baturiya da ta haura shekara 80, ita kaɗai a gida. 'Ya'yanta suna nesa. Kada mu yi saurin zarginsu, neman abinci ne ya warwatsa su, kamar yadda yake kwashe samarinmu zuwa Kano da Abuja. Da muka buga mata waya ta ce lafiya lau, kada mu damu. Tsoho ko'ina ɗaya ne, ba ya son a ce ya zama kaya.

Maigida da babban yaronmu suka yi wajen awa uku suna haƙa hanya zuwa ƙofarta, tafiyar da ba ta kai minti ɗaya ba a ranar da babu ƙanƙara. Muka tarar da ita cikin barguna, gida ya yi sanyi ƙalau. Ƙanƙara ta toshe bututun da na'urar ɗumama gida ke fitar da hayaƙi, na'urar ta mutu tun dare. Niyyarta ta kunna murhun gas ta bar shi a buɗe ta ji ɗumi. A ɗakin da yake rufe, wannan na tara iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci bai farka ba. Ƙaramarmu ce ta gano bakin bututun ta tone shi da hannu, tana cewa, "Kaka, ki zauna, mun zo."

Daga nan muka tsallaka wurin wani dattijo mai ciwon zuciya da muka hango ya fito da shebur. Da ƙyar ya sake shi. Mutum fiye da 10 suka rasu a wannan makon, wasunsu zuciya ce ta tsaya suna cikin kwasar ƙanƙara. A Disamba 2022 kuma guguwar ƙanƙara ta kashe fiye da 40 a yankin.

Da yamma ɗanmu ya ce, "Mama, ai ba 'yan ikkilisiyarmu ba ne." Muka buɗe wasiƙar Yaƙub sura 1 aya 27, inda aka lissafa ziyarar marayu da gwauraye cikin addini mai tsarki. Muka ce ya nemo inda aka tambayi majami'arsu. Bai samu ba.

Mu a nan ba mu da dusar ƙanƙara, amma hunturu na zuwa, kuma tsofaffinmu da yawa su kaɗai suke kwana. Gawayin da suke shiga da shi ɗaki su rufe ƙofa da taga, irin wannan gubar yake fitarwa. Roƙonmu ga kowace ikkilisiya shi ne, kafin Disamba a rubuta sunan duk tsohon da ke zaune shi kaɗai, Kirista ko Musulmi, a ba kowane suna gida guda. Gidan ya duba itace, bargo da jinka, ya kuma tabbata an fitar da kaskon wuta kafin barci. Ku je da ƙafa, ku tafi da yaranku, kuma in ya ce lafiya lau ku shiga ɗakin ku gani.