A Zo a Duba Ido Tun Yana Gani: Jawabin Buɗe Sashen Kula da Lafiyar Ido



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana lafiya. Ranka ya daɗe Hakimi, uban ƙasa, Allah Ya ja zamaninka. Mai girma shugaban ƙaramar hukuma, shugaban wannan asibiti da ma'aikatansa, dagatai da masu unguwanni, limamai da malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa da abokan arziki, barkanku da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

An ɗora mini nauyin yin magana a madadin likitocin ido kafin a yanke ƙyalle. Na zagaya na ga ginin da kayan aikin da aka zuba a ciki, Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu ko aljihu da alheri. Ni kuwa roƙo ɗaya na zo da shi, a kansa zan tsaya har in sauka: jama'a su riƙa zuwa a duba musu ido tun yana gani, tun bai fara ciwo ba.

Ga dalilina. Tsakanin 2005 da 2007 an gudanar da babban bincike a kan makanta a duk faɗin Nijeriya, aka duba mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama. An samu kashi 4.2 cikin 100 nasu makafi ne, wato mutum sama da miliyan ɗaya, kuma abin ya fi tsanani a nan Arewa: kashi 6.1 a Arewa maso Gabas, alhali a Kudu maso Yamma kashi 2.8 ne. Abin da ya fi sosa rai shi ne, a cikin kowane makafi 100, 84 makantarsu irin wadda za a iya hanawa ce ko a warkar. Waɗannan iyayenmu ne da aka zaunar a zaure, aka cire jika daga makaranta don ya riƙa yi musu jagora.

Yanar ido ce kan gaba, ita ta ɗauki kashi 43 na makantar. Tana zuwa da shekaru, gani ya riƙa yin hazo-hazo har ya rufe. Aikinta a yau yakan ɗauki ƙasa da rabin awa. Ba a sa mutum barci, ido kawai ake kashewa, a cire abin da ya yi duhu a sa wani ɗan gilashi a gurbinsa, washegari a buɗe bandeji. Ba a fito da ƙwayar ido waje kamar yadda ake yaɗawa, kuma ba sai an jira yana ta nuna har mutum ya daina ganin hanya ba. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni su sa ido a kan masu zagaya kasuwanni da ƙauyuka suna tura yana cikin ido da tsinke. Mutum yakan ɗan ga haske na 'yan kwanaki, daga baya idon ya kumbura ya lalace, a kawo mana shi lokacin da ba abin da za mu iya.

Cutar da ta fi damuna kuwa ita ce hawan jinin ido, wadda likitoci ke kira gilakoma. Akwai ruwa da ido ke samarwa yana kuma fitar da shi ta wasu ƙananan hanyoyi. Idan hanyoyin suka toshe, ruwan ya taru, matsinsa yakan riƙa kashe jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Irin wadda ta fi yawa a cikinmu ba ta ciwo, ba ta sa ido ja, ba ta sa hawaye. Tana fara ci ne daga gefe, mutum yana karanta wasiƙa sarai amma babur ya zo ta gefensa bai gani ba. Aikinta irin na gara ne a jikin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufto. Kuma jijiyar da ta mutu ta mutu ke nan, babu tiyata ko magani a duniya da zai dawo da ita. Wancan binciken ya nuna kusan mutum 5 cikin kowane 100 masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma a cikin masu ita, waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai 6 cikin 100 ba. Tana kama baƙar fata da wuri fiye da sauran jinsi, tana kuma bin dangi. Wanda mahaifinsa ko yayarsa ta makance ba a ga yana a idon ba, ya zo tun bai kai 40 ba.

Auna matsin ido da leƙa jijiyar 'yan mintoci ne. Idan an kama ta da wuri, maganin ɗigawa ko tiyata yakan tsayar da ita, mutum ya ƙare rayuwarsa yana gani. Sai dai maganin na kullum ne. Mun sha ganin wanda ya ɗiga kwalba ɗaya, ya ce bai ga canji ba, ya ajiye. Maganin tsare sauran ganin yake yi, shi ya sa ba a jin canji. Haka kuma da azumi ya kama, wasu kan daina ɗigawa wata guda cur. Malamanmu, a taya mu faɗakarwa: mai wannan larura ya zo ya gaya wa likita, a tsara masa lokutan su dace da sahur da bayan shan ruwa.

Mai ciwon suga shi ma ya sani cewa ciwon yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido ba tare da wata alama ba. Ya zo sau ɗaya a kowace shekara, ko da ganinsa garau ne. Mai hawan jini ma haka.

Yanzu ga iyayenmu mata. Ido ba wurin gwajin magani ba ne. Lokacin afolo akan zuba ruwan suga, ruwan ganye, nonon uwa, har da fitsari, kuma ta nan ne ciwon da zai wuce cikin mako guda yake zama hakiya. Akwai kuma maganin ɗigawa da ake saya a kemis don yaro mai ƙaiƙayin ido. Yakan kwantar da ƙaiƙayin nan take, shi ya sa ake sonsa, amma wasu daga cikinsu idan aka daɗe ana ɗigawa suna jawo hawan jinin ido da yana ga yaro ɗan shekara goma. Kada a ɗiga komai sai wanda ma'aikacin ido ya rubuta. A kai yara rigakafin ƙyanda, a karɓi bitamin A idan ana rabawa, a wanke musu fuska kowace safiya don ƙuda kada ya kawo amosanin ido. Jaririn da aka ga wani fari a tsakiyar baƙin idonsa, a kawo shi a makon nan, domin wani lokaci ransa ma ake ceto. Malaman makaranta kuma, yaron da ke matse ido yana kwafa daga littafin maƙwabcinsa, kafin a kira shi daƙiƙi a turo mana shi, sau da yawa allon ne ba ya gani. Tabarau ba ya kashe ido, ko ga yaro ko ga dattijon da zare ya fara gagararsa shiga allura.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ghana ta shawo kan amosanin ido, a 2025 kuma ta tabbatar maƙwabciyarmu Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar da cizon baƙin ƙudan bakin kogi ke haddasawa. Da raba magani gida-gida da haɗin kan sarakuna da talakawa aka kai ga haka.

Ku ma'aikatan wannan sashe, amana ce aka ba ku. Tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba, ta sayar da akuyarta don kuɗin mota, idan aka daka mata tsawa ba za ta dawo ba, kuma za ta hana wasu goma zuwa. Ku yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, ku rubuta musu ranar dawowa, abin da ya fi ƙarfinku ku tura shi da wuri zuwa manyan asibitoci irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Mai girma shugaba, na'ura tana son wuta da gyara, ma'aikaci yana son albashi a kan kari. Muna roƙon a sa wannan sashe cikin kasafin kuɗi na kowace shekara, kada a bar shi da bikin yau kaɗai.

Ranka ya daɗe, talakawa abin da suka ga uban ƙasa ya yi shi suke yi. Ina neman alfarma, idan an yanke ƙyalle, ka zama na farko da zai zauna a auna masa ido. Sauran jama'a kuma, duk wanda ya kai shekara 40 a wurin nan, da mai ciwon suga, da mai makaho a danginsa, kada ya tafi gida yau sai ya karɓi kati, kuma ya riƙa dawowa aƙalla sau ɗaya a shekara biyu, mai ciwon suga kuwa kowace shekara.